Karan Gonar Tudu

Kakata Hajo ba ta fara tatsuniya sai an sauke tukunya. Da zarar Inna ta kwashe tuwo an yi sallar magariba, sai ta jawo 'yar kujerarta bakin murhu, ta tura guntayen itacen da suka rage, ta miƙe ƙafafunta wajen garwashi, saboda sanyin da ke tasowa daga tafki bayan girbi yana shigar mata gwiwa. Mu kuma mu kewaye ta, ni da ƙanwata Larai da 'ya'yan maƙwabta biyu ko uku, har a kira sallar lisha a kore mu. Lokacin muna cikin jihar Sakkwato, ina aji biyar na firamare, a wani ƙauye na ƙasar Ngaski, ɗaya daga cikin waɗanda aka gina a kan tudu domin mutanen tsibiran da ruwan Kainji ya cinye.

Ni a tudu aka haife ni. Tsibirinmu a bakin Kaka kawai na san shi. Ko buɗe tatsuniyarta daga can ta taho da shi, don takan ce, "Ga wata ta hito daga ruwa," mu kuma mu amsa, "Ta hau tudu mu gan ta." Sunana Dije, amma ita 'yar boko take ce mini, wai makaranta ta haɗiye mini harshe. Ba ƙarya ta yi ba. In baƙo ya yi sallama bayan randa nake shigewa. Sai dai wanda ba ya magana yana da lokacin kallo, ni kuwa na san wace akuya ce ke ɗingishi kafin mai ita ya sani.

Babana Umaru shi ne ɗanta na fari. Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, ita ta raine shi, ita ta riƙe hannunsa a kan ƙotar hauya. Duk da haka ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, saboda kunyar ɗan fari. Wancan take ce masa. Da aka haifi wani jariri a maƙwabtanmu aka sa masa Umaru, har ya girma mai sunan wancan take kiransa. Ba ta zama inda yake zaune, ba ta yi masa magana kai tsaye. In tana da saƙo sai ta ba Inna, in Inna ba ta kusa sai ta gaya wa akuya da ƙarfi yadda zai ji.

Gonarmu ɗaya ce, jigawa mai yashi da tsakuwa, wadda aka ba Baba lokacin da aka taso. Shekarun farko bayan sassabe ta ba da masara har ana kyauta. Daga nan ta fara ja da baya. Kowace damina karan yana ƙara sirancewa, wuta-wuta tana ƙara yawa, wannan ciyawa mai jan fure da ke manne wa saiwar masara tana tsotse ta. A shekarar da nake ba da labari, da aka gama zuba girbi, rumbu bai kai rabi ba. Na lura Inna ta canja marar kwasar tuwo, ta koma wata ƙarama, ba ta gaya wa kowa ba.

Masu lambun albasa na garinmu sun san taki tun suna tsibiri. Mu gidanmu masu masarar bakin ruwa ne, ba mu taɓa ɗaukar taki zuwa gona ba. A can, in an yi girbi, tara kara ake yi a cinna masa wuta kafin kogin Kwara ya ciko, don in an bar shi ruwa zai kwashe shi ya cusa cikin ragar masunta. Wanda ya bar kara a gona har faɗa ake yi masa. In ruwa ya janye kuwa sai ya bar baƙar laka sabuwa a kan gonar, a shuka, a girbe. Baba ya hau tudu da wannan al'ada. Kowace shekara yakan tara karansa tsibi-tsibi ya ƙone ƙurmus, gona ta yi fes, iska ta kwashe tokar. Ya kuma yi imani wuta tana kashe irin wuta-wuta.

Ana cikin haka ƙanensa Baffa Ɗanjuma ya zo daga wata tungar masunta da ke can ƙetaren tafki, da sabon injin jirgi da ƙaton daurin banda. Ya leƙa rumbu, ya yi tsaki, ya ce wa Baba ya daina wahalar da kansa a kan tsakuwa, ya kwashe iyali su koma tunga, kifi ba ya jiran damina. Inna ta ce a hankali ai babu makaranta a tunga. Baffa ya yi dariya ya ce, "Dije ta koyi banda mana. Boko ba a miya da shi." Ina bayan randa ina ji. Baba ya ce zai ƙone karansa ranar Asabar kamar kullum, ya ƙara gwada damina ɗaya. In rumbu bai cika ba, mu kwashe. Baffa ya bar masa wata tsohuwar raga ya riƙa gyarawa, wai don hannunsa ya tuna.

Na yi lissafi a raina. Damina ɗaya ita ce za ta kai ni aji shida, shekarar jarrabawar shiga sakandare. Malaminmu ya riga ya ce wa Baba ina cikin waɗanda yake sa wa rai. In gonar ta sake yin abin da ta yi, a gaban murhun banda zan ƙare.

Ba mu kaɗai ƙasa ta gaji a hannunmu ba, kuma kowa da abin da ya kama, gwargwadon abin da yake da shi. Mai jakai biyu yana jigilar juji da mangala tun daga bayan kasuwa har gonarsa, rani guda. Mai gona biyu yakan bar ɗaya ta huta shekara biyu ko uku. Wasu suna cusa wake da gyaɗa tsakanin kunyoyi, suna cewa ƙasa tana jin daɗinsu. Takin zamani kuwa ba ya cika isowa ƙauyenmu, in ya iso ma sai masara ta riga ta yi gemu. Mu ba jaki, ba gona ta biyu. Awakinmu huɗu ne, kashinsu na shekara bai fi ya rufe tsakar gida ba. Abu ɗaya ya rage wanda bai fi ƙarfinmu ba, shi ne shanun Fulani. In manomi ya yarda, sai su ci karansa su riƙa kwana a gonar, su bar masa kashi da fitsari.

Wani dattijon Bafulatani mai suna Buba, wanda ke sauka kusa da mu kowace shekara bayan girbi, ya zo har ƙofar gida a makon nan ya nemi karan Baba. Baba ya hana shi. Shekara biyu baya shanun wani sun cinye masa wake, bai manta ba. Ga mutane suna cewa kashin shanu ciyawa yake kawowa. Ga masu albasa ba sa son garke ya bi ta wajen lambunansu zuwa mashaya. Buba bai yi musu ba, ya ce zai jira har Asabar, in ya ga hayaƙi ya wuce gaba.

Akwai abin da na gani wanda ban gaya wa kowa ba. Hanyar makarantarmu tana ratsa wata saura da mai ita ya watsar, inda Buba ya taɓa kafa turakunsa shekara biyu da suka wuce. Da damina ciyawar wurin ta fi ta ko'ina duhu. A tsakiyarta wata ƙwayar masara da ta faɗi daga kayan wani ta tsiro ita kaɗai, ba mai yi mata noma, amma karanta ya kai kaurin hannuna, ta yi goyo biyu, kuma babu wuta-wuta ko ɗaya a gindinta. Wata rana na tsuguna na tona da yatsa. Ƙasar baƙa ce, in na dunƙule ta sai ta tsaya a dunƙule, har da tsutsar tana a ciki. Ta gonarmu in na dunƙule ta zubewa take yi ta tsakanin yatsu.

Ranar Alhamis ina daka wa Kaka goro a ƙaramin turminta na gaya mata, murya ƙasa-ƙasa. Ba ta kalle ni ba. Ta ce, "Goyo biyu?" Na ce e. Can ta sake cewa, "Goyo biyu, ba noma?" Na ce e. Ta zuba goron a baki.

Ranar Juma'a bayan magariba muka zauna kamar kullum. Baba yana bayan zanar da ta raba tsakar gida da ƙofar ɗakinsa, yana gyaran ragar Baffa a hasken aci-bal-bal. Ba ma ganinsa, amma muna jin ƙarar zare duk sanda ya ja ƙulli. Kaka ta juya kujerarta ta ba zanar baya, ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

"Ga wata ta hito daga ruwa."

Muka amsa.

Ta ce an yi wata mace a tsakiyar kogi, ita da ɗanta guda. Kowace shekara wani baƙo yakan zo, ba ta taɓa ganin fuskarsa ba, ya shimfiɗa mata sabuwar baƙar tabarma a ƙofar ɗaki, mai laushi, mai sanyi, ya wuce. Ba ya neman tuwo, ba ya neman godiya. Tun tana yarinya haka ta tarar ana yi wa uwarta, don haka ba ta taɓa tambayar ko wane ne ba. A zatonta ko'ina a duniya tabarma da kanta take tsirowa a ƙofar ɗaki. In shekara ta zagayo sai ta naɗe tsohuwar ta ƙone, don sabuwa ta sami wuri. Da ɗanta ya yi wayo sai ta ɗauko bakin wuta ta sa masa a hannu, ta ce daga yau kai ne mai ƙonawa.

Rannan aka ce su tashi, suka tashi, suka hau wani tudu mai nisa da tabarmarsu ta bana. Shekara ta zagayo, yaro ya ƙone ta kamar yadda aka koya masa, suka zauna jiran baƙo. Bai zo ba. Suka kwana a kan tsakuwa. Uwar ta ce wataƙila bai san hanya ba ne, a ƙara wuta ya hango hayaƙi. Shekara ta biyu yaro ya ƙone asabarin ƙofa. Ta uku ya ƙone zanar tsakar gida. Har ya zama ba abin da ya rage musu sai jinkar ɗaki.

Nan Larai ta ce ai wannan mata wawiya ce. Kaka ta ce, "Ke dai bari. Ba wawiya ba ta. Abin da ta iske ana yi ta yi." Na saurara bayan zana. Ƙarar zare ta tsaya.

Kaka ta ci gaba, ta ce a ranar da yaro ya ɗauki bakin wuta zai hau jinka, sai ga wata tsohuwa da gurguwar saniya, ta yi sallama ta nemi wurin kwana. Saniyar tana wari, ƙudaje suna bin ta, ga ƙaya a wutsiyarta. Tsohuwar ta ce ba ta da abin biya, amma duk inda saniyar nan ta kwana, ƙasan wurin yakan saƙa tabarma da kansa, sai dai a hankali, ba dare ɗaya ba. Matar ta dubi saniya ta toshe hanci. Ta dubi ɗanta, wuta tana cin itacen tana matsowa wajen yatsunsa.

Nan Kaka ta tsaya, ta ɗauki tsinke tana tona garwashi.

Yara suka ce sai me? Ta ce iyakar abin da ta sani ke nan. Larai ta kusa kuka, ta ce ba a yin tatsuniya babu ƙarshe. Kaka ta ce, "Ƙarshenta na wurin 'yar boko. Dije, hwaɗi abin da kinka gani hanyar makaranta. Da ƙarfi, kunnena ya tsuhwa."

Na ji kamar an zuba mini ruwan tafki a baya. Ban taɓa yi wa Baba magana fiye da gaisuwa da amsa aike ba, kuma na san ba don kunnen Kaka aka ce in ɗaga murya ba. Na kalli Inna, tana kankare tukunya, ta ƙi ɗago kai. Na kalli garwashi. Wani guntun kara da ya shiga cikin itacen yana ci, ruwa yana tsatsowa ta ɗaya bakin yana kumfa. Shi na zuba wa ido na yi maganar. Na faɗi saurar, na faɗi turakun Buba, da goyo biyu, da ƙasar da ke tsayawa a dunƙule.

Sai can Baba ya yi gyaran murya daga bayan zana, ya kira Inna, ya ce mata a daina sa yara cikin maganar manya. Ya ƙara da cewa, "Masara guda ba gona ba ta." Aka kira lisha, ya ɗauki buta ya fita. Kaka ba ta ko rufe tatsuniyar ba, ta tashi da ƙyar ta shiga ɗaki.

Da safe, Asabar, babu makaranta. Ina shara na ga Baba ya miƙa hannu saman katanga inda Inna ke ajiye ashana, ya girgiza kwalin a kunnensa, ya sa a aljihu. Ya saɓa lauje ya nufi zaure. Kaka tana tsaye a bakin zauren, riƙe da bango, wurin da ba ta taɓa tsayawa ba in zai fita. Ya rage tafiya yana jiran ta kauce.

Ta ce, "Umaru."

Taɓaryar Inna ta tsaya a sama. Baba ya sunkuyar da kai kamar an kama shi da laifi, ya ce, "Na'am, Iya."

"Ni na ba ka wutag ga. Can in mun ƙone, ruwa ka biya. Nan babu mai biya. Tai da yarinyag ga ta gwada maka wurin, in ka gani ka yi abin da kaka so."

Tana gama faɗa ta ja gefen zanenta ta rufe fuska, ta bi bango ta koma ɗaki. Ranar ba ta sake fitowa ba, ko abinci a bakin ƙofa Inna ta ajiye mata.

Muka fita, yana gaba ina baya. Hanyar ta fara bi ta gonarmu. Ga kara an tara tsibi-tsibi a jere, ya bushe ƙayau, iska tana kaɗa karmami. Ya tsaya a wurin har na yi zaton nan za a ƙare. Sai ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Wuce gaba." Na wuce. Ina jin takunsa a bayana da ƙarar 'yan sandunan ashana a aljihunsa.

Masarar ta riga ta bushe, tsuntsaye sun cinye goyon, saura totuwa biyu a jikin kara. Baba ya kama karan ya gwada da babban yatsansa. Ya tsuguna ya tona gindin da bakin lauje, ya ɗebo ƙasar ya murza, ya kai hanci. Ya matsa taku goma wajen da turaku ba su kai ba, ya sake tonawa. Ya dawo. Ya tambaye ni shekara nawa da tashin shanun, na ce biyu. Ya ce na tabbata ba wanda ya zuba wani abu a nan? Na ce kullum ta nan nake bi. Bai ce na yi gaskiya ba, bai ce na yi ƙarya ba.

Muka koma gonarmu ya zauna a gindin tsibin farko. Rana ta fara ɗagawa, hayaƙi yana tashi daga gonakin wasu dangoginmu da suka riga shi farawa. Ya ciro kwalin ashana yana turo shi yana mayarwa. Wani ɗan'uwansa da ke wucewa ya ɗaga murya ya ce, "Umaru, ko ashana ta jiƙe? Ga tawa." Baba ya ɗaga masa hannu kawai. Ni ina tsaye ina kallon wani ƙadangare da ya leƙo daga cikin tsibin, ina roƙon Allah a zuciyata, ban ma san me zan roƙa ba, ko a bar kara ko a bar ni.

Ya ciro sanda ɗaya ya riƙe. Ya daɗe yana kallon ta. Sai ya soka ta a baki kamar asuwaki, ya miƙe, ya sa ƙafa ya watsa tsibin. Ya ce, "Kama mu baza shi, saniya ba ta cin tuli."

Da hantsi muka isa rugar Buba, sun riga sun fara ɗaure kaya a bayan bijimi. Buba ya dubi Baba ya yi murmushi ya ce, "A'a, mutanen ruwa. Yau kihi ya biyo saniya?" Baba ya ce kifin ne ya gaji da tsakuwa. Suka zauna a kan buzu suka daidaita. Shanu za su ci kara da harawa, su kwana a gonar wata guda da 'yan kwanaki, a riƙa matsar da turaku duk bayan kwana uku don kada taki ya taru wuri ɗaya. Hanyar mashaya kuwa sai a zagaya ta bayan dutse, nesa da albasa. Matar Buba ta ba ni nono a ƙoƙo, na kasa sha don kunya, na riƙe shi har muka tashi.

Watan nan bai wuce lafiya ƙalau ba. Wani bijimi ya tsinke igiya ya taka kunyoyi biyu na albasar wani, aka kira Baba gaban mai gari, wasu suka ce a kori shanun ranar. Baba ya ba da haƙuri, ya yi kwana uku yana saro ƙaya yana shinge da hannunsa har aka ƙyale su. A masallaci ana ce masa sarkin Fulani. A gida ba ya magana. Ragar Baffa tana rataye a turken zana, wata rana ya taɓa ta, wata rana ya wuce.

Da ruwa ya sauka aka yi shuka, sai abin da mutane suka faɗa ya tabbata. Ciyawa ta taso kamar an watsa irinta, har da wadda ba mu taɓa gani a gonar ba. Sau uku aka yi noma maimakon biyu, tafin hannun Baba ya tsattsage, Inna tana shafa masa man kaɗe. Baffa ya zo wucewa ya ce ashe yayansa ya koma noman abincin shanu. Wuta-wuta ma ba ta ɓace ba, ta fito a gefen gonar na ƙasa inda shanu ba su daɗe ba. Kowace safiya kafin makaranta nakan ratse in duba. Masarar ba ta tashi bai ɗaya ba. Wani wuri kore shar har da duhu, wani wuri fari-fari, ta yadda daga kan suri ina iya nuna inda kowane layin turaku ya tsaya.

Daidai lokacin da za ta fid da gemu ruwa ya ɗauke kusan mako biyu. Wannan shi ne abin da ban manta ba. A gonakin da aka ƙone, ganye yakan naɗe tun da hantsi. A tamu, inda shanu suka kwana, sai rana ta take yake naɗewa, da la'asar ya warware. Baba yakan tsaya a tsakiyar gona yana kallon gabas, hannu a baya. Kaka ta daina tatsuniya a kwanakin, sai carbi. Ranar da hadari ya haɗo daga wajen Shanga ya zuba, Inna ta bar shanyarta a waje ruwa ya dake ta, ba ta ko tuna ba.

Aka yi girbi. Rumbu ya wuce rabi sosai, amma bai cika ba, da saura kamar kamu biyu. Baffa ya zo da jirgi babba, wanda zai ɗauki kaya. Ya hau tsani ya leƙa, ya sauko yana kaɗe hannu.

"Bai cika ba, Yaya."

"Bai cika ba," in ji Baba.

"To, kai ka hwaɗi da bakinka."

Ina bakin murhu da ludayi a hannu. Baba ya tashi ya kwance ragar daga turken zana, ya naɗe ta, duk ramukan a gyare, ya miƙa wa ƙanensa. Ya ce, "Na hwaɗi. Amma ƙasag ga ta fara amsawa, ba ni barin ta yanzu. Na riga na aika ma Buba ya dawo."

Baffa ya yi fushi, bai kwana ba. Ni kuwa na zauna jarrabawa, na ci, na tafi makarantar 'yan mata, daga baya na zama malama. Gonar ba ta taɓa zama irin ta tsibiri ba. Baba ya ci gaba da karɓar shanu, ya koyi cusa wake, daga baya ya sayi jaki, kuma har ya tsufa yana faɗa da wuta-wuta a gefen nan na ƙasa.

Shekaru da yawa ina ba da wannan labari kamar nawa ne, wai ni na ga masara na ceci gona. Sai da na girma, na ga yadda nake kare abin da na koya wa ɗalibaina ko da an nuna mini ya daina aiki, sannan na gane wanda ya ɗauki nauyi mafi girma a gidan nan. Ƙona kara ba wauta ba ce a tsibiri, hankali ne. Wurin ne ya canja, al'adar ta biyo mu ita kaɗai ba tare da kogin da ke cika ta ba. Baba ba zai iya ajiye ta ba muddin yana ganin ajiyewar raina tarbiyyar uwarsa ce, sai da ita da kanta ta karɓe ta daga hannunsa. A daren tatsuniyar na ɗauka matar nan ta tsakiyar kogi Baba ake nufi, ban ko lura da cewa uwa ce wadda ta sa wa ɗanta wuta a hannu, kamar Kaka, ba.

Kaka ba ta sake yin wannan tatsuniya ba. Wani hutu da na dawo daga makaranta, ƙafafunta sun riga sun daina kai ta bakin murhu, ina matsa mata gwiwa na tambaye ta ko matar nan ta buɗe wa mai saniya ƙofa. Sai ta ce, "Ɗan ya buɗe. Ita tana cikin ɗaki, kunya ta hana ta hitowa."